Hajiya Rabi, Wadda Ta Dawo Mini da Rubutuna

Ina tsince wake bayan La'asar waya ta yi ƙara. Ɗan Hajiya Rabi ne daga Makarfi: "Mama, Hajiya ta cika." Na ajiye faifan. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba zan yi wa mamaciya ƙarya ba: shekara hamsin ina ƙyashin Hajiya Rabi. Tare muka yi kwalejin horon malamai, kuma ni nake zuwa ta ɗaya. Da muka yi ritaya, na zauna da littattafaina, ita kuwa ta kafa mujalla a intanet, ba ta gwamnati ba, ba ta wani attajiri ba. Dogayen rahotanni take bugawa kan waɗanda aka danne wa haƙƙi, daga masaƙan ƙasashen Asiya har masu tsinkar tumatir a Ikara. Duk wanda ya yabe ta a gabana, sai in ce ai ni na koya mata nahawu.

Sau ɗaya na aika mata rubutu, kan Inna Kande ta ƙauyen Taba, wadda dangin mijinta suka nemi ƙwace gonar marayunta. Rabi ta kawo mini takardun da kanta.

"Ƙawata, Hausarki ta fi tawa. Amma kin karanta mata?"

"Matar da ko sunanta ba ta iya rubutawa?"

"Kunnenta fa, shi ma bai je makaranta ba? Mai labari shi ne edita na farko."

Ƙa'idarta ke nan: ba ta buga labarin mutum sai an karanta masa ya amince. Na karɓe abina. Kowace Sallah tana aiko mini da mazarƙwaila da tambaya guda: "Kin je Taba?"

Bayan addu'ar uku na je. Ina karanta wa Inna, na kai inda na rubuta cewa Inna ta fashe da kuka gaban mai unguwa. Ta ɗaga hannu.

"Malama, wa ya ce na yi kuka? Fartanya na saɓa na shiga gonar. Goge wannan, kukan naki ne."

Na goge. Jiya na aika wa mujallar, ba wanda zai ce mini madalla da muryar Rabi.

Allah Ya jiƙan Rabi, Ya haskaka makwancinta, Ya ba 'ya'yanta da abokan aikinta haƙuri. Ni kuma Ya yafe mini, don har yau ina jin zafin cewa ita ce mai gaskiya.