Inna Teng da Ƙwan da Ke Hawa Dutse

Kafin gari ya waye, Inna Teng ta riga ta hura wuta a madafar makarantarmu ta firamare, nan cikin duwatsun lardin Guizhou. Ta ɗora shinkafa, ta yanka kabeji da barkono, ta dafa wa kowane yaro ƙwai. Da yara sun watse sai ta jawo bokitin ragowa ta zauna tana leƙe. Na daɗe ina koyarwa a nan, ban taɓa ganin mai bin diddigin shara kamar matar nan ba.

"Inna Teng, zinariya kike nema?" na taɓa tsokanar ta.

"Malam Shi," ta kira sunana, "kai ka duba takardunsu, ni in duba kwanukansu. Wa ya bar wake? Ciwon ciki ne ko iyayi?"

A watan nan za ta ajiye ludayi, gwiwoyi sun ce sun gaji. Shi ya sa nake so a ji labarinta tun tana jin mu.

Takan daka ɓawon ƙwai ta zuba a lambun makaranta. Wata shekara ta lura ɓawon ba ya kai yawan abin da ta dafa. Ta sa ido, sai ya sauka kan Shuping, 'yar aji huɗu, wadda iyayenta ke aikin masana'anta can bakin teku, aka bar ta hannun kakarta. Shuping ta fi kowa ƙanƙanta, leɓɓanta fari fat, har ta taɓa yanke jiki ta faɗi a filin wasa. Likita ya ce jininta ya yi ƙasa, in ba ta samu abinci mai gina jiki ba hawan dutse zai gagare ta, karatu ya ƙare ke nan. Ita kuwa kullum sai ta karɓi ƙwanta da hannu biyu, ta yi godiya, ta saka shi cikin hannun riga.

Inna Teng ba ta yi mata faɗa ba, so take ta san inda ƙwan ke zuwa. Ranar hutu ta hau dutse har gidan Kaka Long, kakar Shuping. Tsohuwar ta buɗe mata wani tulu cike da ƙwai a ruwan gishiri, rabi ya fara wari.

"Iya, wannan fa?"

"Na uban yarinyar ne, in ya dawo Sabuwar Shekara. Shi ke shan wahala."

"Ke ba kya ci?"

"Ni? In ci in yi aikin me?"

Ashe jika ba ta ci saboda kaka, kaka ba ta ci saboda ɗanta, shi kuma yana can bai ma san ana yi ba. Abin dariya, amma ni haushi ya ba ni.

Da aka koma makaranta, Inna Teng ta daina dafa ƙwai da ɓawonsa. Ta kaɗa shi da ruwa, ta turara a ƙananan kwanuka, ya fito luɓus, ba mai iya sa shi a aljihu. Yara suka suɗe kwano. Shuping ta ture nata ta fashe da kuka.

"Inna, kin hana ni kai wa Kaka! Yaya zan ci ita ba ta ci ba?"

Aka yi kwanaki ko taɓawa ba ta yi.

Inna Teng, ke ce ba ki ce yarinyar ta cika taurin kai ba. Kin gane tarbiyya ce, a gidajenmu ƙarami ba ya riga babba kai loma. Ke ce kika sake hawa dutsen da waɗannan gwiwoyi, kika riƙo hannun tsohuwa kika gangaro da ita, kika zaunar da ita a tsakiyar yara.

"Yulan," in ji Kaka Long, don ita kaɗai ke kiran Inna Teng da sunanta, "duk gangaren nan kika jawo ni don in ci abincin jarirai?"

"Iya, in ba ki fara ba, ba za ta ci ba. Dube ta da kyau."

Tsohuwar ba ta taɓa ganin jikarta tsaye cikin sa'o'inta ba. Ta ga iyakarta kafaɗarsu. Sannan ta ɗebi cokali ɗaya ta haɗiye, ta yamutsa fuska.

"Gishiri bai ji ba." Ta tura wa Shuping kwanon. "To, na ci. Saura naki. Kika bar ko ɗigo, kada ki hau min dutse."

Shuping ta cinye tas. Ni dai na juya ina kallon taga, don idona ya cika.

Yanzu Shuping tana sakandare a hedkwatar gunduma. Duk ranar kasuwa Kaka Long sai ta tare Inna Teng da mita: "Kin lalata min jika! Sai tsawo take yi, wando ba ya shekara a jikinta."

Mun gode, Inna Teng, uwar madafa, ki huta lafiya. Ku kuma da ke ciyar da yara, ko a makaranta ko a gida, ku yi koyi da ita. In kun raba abinci, ku tsaya ku ga bakin da ya shiga.