Ranar da na ɗaga kai gaban Baba

Da na gama lisans ɗina a jami'a na dawo Dakoro, ban zauna jiran kowa ba. Dosiye biyar na takardun neman aiki na haɗa lokaci guda, na cusa su cikin jaka. Duk sanarwar da aka manna a bangon wani buro, wato ofis, sai na ɗauki hotonta, duk wadda 'yan ajinmu suka turo ta waya sai na bi ta. Na yi estaj, aikin koyo, kyauta a gidan likita, ina auna yara, don kar a ce min ban taɓa aiki ba. Ta wajen takarda kam, ba wanda zai gwada min komi.

Ganawar ɗaukar aiki ce ta kayar da ni. Wani furoje, irin ƙungiyoyin nan na taimako, ya kira ni Maradi, na iske dattawa uku bayan tebur. Babbansu ya ce, “To, gaya mana abin da kika iya.” Haba! Ni da aka rena kan cewa mutum ba ya yabon kansa, kuma ba a kallon babba cikin ido? Na sunkuyar da kai na ce, “Sai abin da kuka gani.” Ba su ga komi ba kuwa, sai tsakiyar kallabina. Na yi kuka a mota har muka iso gida, kukan haushi.

Bayan damina wani furoje na kula da abincin yara ya kira ni, aikin kuma a Kornaka, nan kusa da mu. Na rantse wannan ba zai kuɓuce min ba. Wata ƙawata da ta riga ni samun aiki ta ce in riƙa gwadawa da wani kafin ranar. Na gwada da ita, muka ɓuge da dariya. Na gane wanda nake jin nauyi ya kamata in samu, kuma duk garin nan ba wanda nake jin nauyi kamar Baba.

Ni ce ɗiyarshi ta fari. Bai taɓa kiran sunana ba, in yana da magana da ni Inna yake gaya wa ko da ina zaune a wurin. Da na aika Inna da roƙona na ya zauna in gwada ganawar da shi, sai ta riƙe baki ta ce, “Ke, karatun ne ya taɓa miki kai?” Amma ta je.

Bayan la'asar Baba ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya zauna, yana duban buhunan gero. Na durƙusa, sai na tuna a buro ba a durƙuso, na jawo kujera. Ya yi gyaran murya ya ce wa buhunan, “Mi aka iya?”

Na ɗaga kai na dube shi. Na ce na iya gane yaron da tamowa ta kama tun kafin uwarshi ta lura. Na iya zama da matan ƙauye in nuna musu kunun gero da wake da ƙuli ba tare da sun ji an rena su ba. Ina jin Faransanci, ina ɗan taɓa Fulatanci, kuma rana ba ta kora ni inuwa. Ina magana muryata na ƙara ƙarfi, har na ji daɗin kaina. A nan na lura furfura ta cinye gemunshi, ban san yaushe ba.

Aikin dai na same shi, dattawan Kornaka ba su ba ni tsoro ko kaɗan ba. Amma ranar nan a tsakar gida, da na gama magana, sai Baba ya juya wajen madafa inda Inna ta laɓe, ya ce, “Ki gaya mata, in ba su ɗauke ta ba, su suka yi asara.”