Barau da Gaurakin Fadama

Barau mutumin Nasarawa Burkullu ne, amma ƙuruciyarsa a gandun dajin Kainji ta ƙare. Shi ke tuƙa motar baƙi masu zuwa kallon namun daji, ya nuna musu ɓauna da gwanki da dorina. Tafiyar da ta fi masa daɗi ita ce ta masu kallon tsuntsaye, waɗanda ke sa a kashe mota a zauna shiru a bakin ruwa. A wurinsu ya koyi haƙurin sauraro.

A bakin ruwan nan ne ƙudan da ke kawo makanta ya yi ta cizonsa. Ido ya fara hazo, har aka sallame shi. A shekarar 1999 ya dawo gida, matarsa Tabawa na riƙe da sandarsa.

Bai taɓa kuka da makantar ba. Da hantsi Tabawa kan kai shi gindin tsamiya a bakin fadama, ya zauna yana kasa kunne. Ya san kukan zalɓe, ya san na agwagin ruwa, ɗinya da kirinjijiya. Amma gauraki yake jira. Tun yana yaro yakan ga garkensu na rawa a wurin bayan damina.

Kaka ta zo ta wuce, wata ta biyo, bai ji su ba.

Wata rana Labbo, makiyayin da ke shayar da shanu a wurin, ya tsaya suka gaisa.

"Labbo, kai da ke yawon daji, ina gauraki sunka tahi?"

"Ai Malam Barau, masu tarko sun kwashe su, ana saida ma masu hali. Na ga guda a wani gida can Gummi, an yanke mata fiffike."

Da Barau ya koma gida ya ce wa Tabawa a nemo mai babur ya kai su Gummi.

Hanyar ta wahalar da shi ƙwarai. Da suka isa, mai gadi ya ce maigidan ya yi tafiya, ba a shiga. Barau ya ce ba komai, ya laluba katanga ya zauna. Har la'asar suna nan. Can sai kukan gaurakar ya taso daga cikin gida, sau ɗaya, ba wadda ta amsa.

"Ita ɗai ta," in ji shi. "Tana kiran 'yan uwanta. Tashi mu tahi gida, Tabawa."

Tabawa ta ce ba ta taɓa ganin hawayensa ba sai ran nan.

Ya rasu da bazarar 2006, bayan gajeruwar jinya. Labbo na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Tabawa ta koma wurin ƙanenta a Anka.