Wani Yaro Ya Zo, Ya Riƙe Jaki

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa, ba ta yabonsa a gaban mutane. Kunya ce, haka aka gada. Tun ina yaro a ƙauyenmu na ƙasar Zurmi, in Inna tana nemana sai ta ce "kai", ko ta ce wa wani, "kira mini wanga." Na san al'ada ce. Sanin bai taɓa rage mini zafin ba.

Inna gwanar tatsuniya ce, kuma tana da wani hali. Sai ta kwashi 'ya'yanta ta zuba cikin labarin, ta raɗa wa kowa suna daidai da shi. Ƙanwata mai saurin kuka ita ce Mai-rijiya-a-ido. Autanmu ya fi kowa samu. Yau shi ne Mai-zuma-a-baki wanda ya yaudari kura, gobe shi ne Ƙafar-barewa da maharbi ya kasa cimma. Ni kuwa, in labari ya buƙaci mai ɗauko itace ko mai riƙe jaki, sai ta ce, "sai wani yaro ya zo." Kowa ya san ni ne. Wani yaro ya zo, ya riƙe jaki, ya tafi. Ba a sake jin ɗuriyarsa.

Mun girma. 'Yan bindiga suka tashi ƙauyenmu, Baba bai fito da rai ba. Na kawo Inna Kaura Namoda, na shiga dako a kasuwar hatsi. Tana gidana har yau, matata ce ke dama mata kunu, ni ke kai ta asibiti a keke napep in ƙafarta ta motsa. Auta ya yi karatu, yana koyarwa a Shinkafi. Yakan zo ran Asabar bisa babur da ledar lemu. Tun daga ƙarar babur ɗin Inna take gyara zama.

Wata Asabar bayan la'asar na dawo kasuwa, ƙaiƙayin gero yana cin wuyana, na tarar da su kan tabarma a tsakar gida. Auta yana ɓare mata lemu.

"Inna, ashe ke Baturiya ce ba mu sani ba," in ji shi.

Ta yi masa daƙuwa tana dariya. "Ungo naka. Mi na yi?"

Ya ce ya karanta a waya cewa su ma Turawa sunayen cikin tatsuniyarsu ba na banza ba ne. Akwai yarinyar da ake sa wa aikin murhu, daga toka aka ciro sunanta, a Ingilishi haka, a yaren mutanen Italiya ma haka. Wata kuma jar hular da take sawa ce ta zame mata suna.

"Su ma suna da toka?" in ji Inna.

"Suna cin abinci, Inna, dole su hura wuta."

"To ai ba su fi mu ba. Kai suna nawa na ba ka?"

Suka shiga lissafi. Ita da mantuwa kan sa ta tambayi matata ko ita kanta ta yi azahar, ba ta manta ko ɗaya ba. Ta tuno wanda ta ba shi lokacin da ya faɗa kududdufi, da wanda ya samu ranar da ya saci ƙuli-ƙuli. Yana ƙyalƙyala dariya yana dukan cinya, mutum mai mata da 'ya'ya.

Ina tsaye bakin randa da moɗa a hannu. Sai na ji ina ƙyashin yarinyar toka. Wulakanci aka yi mata da sunan, na yarda. Amma sai da aka dube ta kafin a raɗa shi.

Na ce, "Ni fa?"

Suka juyo suna kallona. Matata ta leƙo daga madafa ta koma.

"Haba Yaya," in ji Auta, "da furfurarka?"

"Ba da kai nake ba, Malam. Inna, ni mi ne sunana a tatsuniya?"

Ban taɓa yi mata tambaya irin wannan ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya wajen bango. Da ta yi magana, Auta ta yi wa.

"Gaya ma wanga mutum shi bar ni. Ɗan fari ba a kai shi bakin duniya."

"Ni da kika riƙa kai ni bakin kura fa?" in ji Auta.

"Kai ko kura ta ɗauke ka maido ka za ta yi, surutu ya ishe ta."

Suka sake dariya. Auta ya ga ban yi ba, sai ya miƙo mini ɓarin lemu.

"Yaya, bari ni in ba ka. Mai-wuyan-ƙarfe. Ya yi?"

"Riƙe abinka. Kana da su da yawa, shi ya sa kake kyauta."

Na shiga ɗaki. Ina jin lokacin da ya tada babur, ina jin ta tana sa masa albarka har ƙarar ta ɓace. Ni ma tana sa mini, ban ce ba ta yi. Takan ce, "Allah shi yi ma mai gidan nan albarka." Mai gidan nan yana iya zama kowa.

Da safe ina ɗaura gammo, matata ta zo ta tsaya tana murza bakin zane.

"Inna ta ce in tambaye ka, wane suna kake so."

"Haka ta ce?"

"Ta ce ka faɗa, ita kuma za ta sa shi in tana yi wa yara tatsuniya."

Na ce ta koma ta gaya mata ba na so. Auta bai zaɓi nasa ba. Kallonsa Inna ta yi, suna ya zo mata. Ita ta haife ni, ita za ta nemo. In zagi ne ma zan karɓa.

Matata ta tafi, ta daɗe, ta dawo. Wai Inna ta ce za ta yi tunani, abin ba ya zuwa da gaggawa.

A lokacin, gero bai nuna ba. Yanzu an yanke gero, an yanke dawa, na sauke sabon hatsi har kafaɗata ta saɓule. Asabar da ta wuce Auta ya zo da sabon tabarau, kafin ya zauna ya samu wani sunan.

Matata ta ce wani lokaci takan ga Inna ita kaɗai tana motsa baki, da an shiga sai ta yi shiru. Ko tasbihi ne, ban sani ba. Ban sake tambaya ba. In na dawo kasuwa nakan ɗan tsaya a bakin ƙofarta kafin in yi sallama.