Mutumin da Yake Zare Waya Ranar Alhamis

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni, da misalin ƙarfe tara na safe, Allah Ya karɓi ran Injiniyanmu na gidan ruwa, bayan jinyar wata biyu a asibiti. Wanda Ya ba mu aronsa Ya karɓi abinSa, kuma hanyar da ya bi ita ce tamu duka. Ina tsaye gaban injin tura ruwa na uku, hannuna duk giris, 'yarsa ta kira ni ta ce, "Baffa, Baba ya cika." Ban bar wurin ba sai da wani ya zo ya karɓe ni. Na san da kana gani, Injiniya, da ka ce haka ya kamata.

Shekara goma sha ɗaya nake ɗakin sa ido, inda muke zaune gaban allon kwamfuta muna kallon tankuna da injinan da ke shayar da gari. Tara daga cikinsu na yi su ne ina jin haushinka kowace Alhamis, kuma ba zan ɓoye ba don ka mutu. Kai ma ka san sunan da muke kiranka a bayan idonka: Zare-Waya.

Asalin sunan kuskurena ne. Tsakanin injinan da allonmu akwai wata 'yar na'ura, ba ta fi tafin hannu ba, a cikin akwatin ƙarfe. Ita ke kai umarni ta kawo rahoto, shi ya sa muke ce mata ɗan aike. Wata rana wani ma'aikacin kamfanin gyara ya jona kwamfutarsa a layinmu, kwamfutar ta yi ta antayo wa ɗan aike saƙonni har ya shaƙe ya yi shiru. Allo kuwa bai ce uffan ba. Ya ci gaba da nuna lambar ƙarshe da aka kawo masa, komai kore shar. Awa biyu ina zaune, sau huɗu na rubuta lamba ɗaya a littafin aiki, har ina yaba wa kaina yadda ruwa ya tsaya daram a hannuna. Ashe babban tanki yana can yana ƙafewa. Sai da asibiti suka bugo waya suna tambaya ko lafiya.

Da aka tsayar da ni gaban manaja, na riga na fara tunanin abin da zan faɗa wa matata. Kai ne ka shigo ba a kira ka ba. Ka ce, "Ranka ya daɗe, allo ne ya yi masa ƙarya, kuma ni na kafa allon. In za a kori wani, a fara da ni." Da muka fito ban gama godiya ba ka juyo ka ce, "Ƙanina, lamba ɗaya sau huɗu? Ko ruwan randa ai yana motsi."

Daga ranar ba ka ƙara barin mu mun sarara ba. Ka zaunar da mu ka yi mana bayani yadda kowa zai gane. Ka ce ɗan aike kamar mai gadi ne da mutum ɗari suka taso masa da magana lokaci guda: ba dukansa aka yi ba, ba a sace komai ba, amma ko maigidan ne ya kira ba zai ji ba. Ka ce abin da kwamfuta ta yi mana bisa kuskure, wani zai iya yi da gangan daga inda ba mu sani ba. Ka rubuta wa kamfanin da ya ƙera na'urar wasiƙa har uku. Ka raba layin injina da layin ofis, aka yi ta gunaguni don an daina kallon tankuna daga kan kujerar manaja. Ka sa wani ɗigon haske a kusurwar allo mai ƙiftawa duk daƙiƙa biyu, ka ce in ya tsaya, kada mu ƙara yarda da komai a allon nan.

Sannan ka ƙirƙiro mana Alhamis. Ba ka faɗin lokaci. Sai ka wuce ta bayan akwatin ƙarfe kamar mai neman wani abu, ka zare waya, ka tsaya da agogo a hannu. Dole kowa ya watse: wannan ya hau tanki ya auna da sanda, wancan ya kama bawul, wato sitiyarin ƙarfen da ake murɗawa a buɗe bututu ko a rufe, wani ya tsaya kan inji. Karon farko minti arba'in muka yi kafin ruwa ya dawo hannunmu, rabin bawulolin sun ci tsatsa. Da hannunka ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka shafa giris, ka rubuta wa kowanne lamba da fenti ruwan ɗorawa. Mai ɗakinka ta taɓa ce mini ta daina wahalar wanke fentin nan daga wandunanka, ta sallama.

Ba ka raina kowa ba a wannan aiki. Mai shara ka koya wa bawul na bakwai, ta zama ta fi mu duka sauri a kansa, kana yi mana gori da ita. Mai gadi ka koya wa karatun sandar awo. Ranar da matata ta tashi haihuwa ina bakin aiki, kai ka zauna a kujerata ka miƙo mini makullin motarka. Da na dawo na tarar ka zare wa kanka waya, wai kada ka manta.

Mun kai minti goma, muka tsaya a nan. Kullum cewa kake yi shida ya kamata.

Da ciwo ya kwantar da kai, abin da kowa ke tsoro bai furta ba shi ne: in abin ya zo da gaske ba ka nan fa? Ya zo ranar Litinin, da hantsi, kwana ɗaya kafin rasuwarka. Ina kallon allo, komai kore, sai na ga ɗigon nan ya tsaya. Ban tsaya duba lamba ba. Na ɗaga murya, kafin na rufe baki mai shara ta jefar da tsintsiya ta nufi na bakwai. Daga baya aka gano ta layin da kamfanin gyara ke shigowa daga nesa wani ya biyo ya shaƙe ɗan aike da gangan, layin nan ɗaya da ka yi ta faɗa a kansa aka ƙi ji. Duk lokacin da muka kashe ɗan aike muka kunna, sai ya sake shaƙewa. Muka datse layin, aka ce sai an kawo gyara nan da kwana uku. Muka ce ba komai, hannunmu na nan.

Da la'asar na zo asibiti na faɗa maka. Ka rame, muryarka da ƙyar take fita, amma tambaya ɗaya ka yi.

"Minti nawa?"

"Takwas, Injiniya."

"Ina kuka zubar da biyun?"

Na yi dariya har da hawaye. Ka nuna wa 'yarka famfon da ke kusurwar ɗakin, ta murɗa, ruwa ya zubo da ƙarfinsa. Ka daɗe kana sauraronsa, sannan ka rufe ido ka ce, "To, ku ci gaba." Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Na yi kewarka, kuma zan daɗe ina yi. Amma ba na tsoro. Alhamis ɗin da ta biyo bayan rasuwarka, da aka gama gyara, ni na wuce ta bayan akwatin ƙarfe na zare waya. Sun yi mini tsaki kamar yadda muke yi maka, na ji daɗi. Bakwai muka yi, kuma za mu kai shidan.

Ga mai ɗakinka, da 'yarka, da ƙannenta biyu, da ƙanwarka da ta yi jinyarka, ina miƙa ta'aziyyata da ta duk ma'aikatan gidan ruwa. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku, Ya albarkaci bayansa. Akwai abu ɗaya da nake so ku sani. Ranar Talatar nan allonmu a mace yake. Ruwan da kuka tara daga famfon gidanku aka yi masa wanka da shi, ba kwamfuta ce ta turo shi ba. Hannayen da ya koya wa aiki ne suka turo shi.

Allah Ya jiƙanka, Injiniya. Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sanya kowane ɗigon da garin nan ya sha a mizaninka. Ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da mu. Amin.