Faifan da Na Ƙi Yabawa

Lokacin da Tudun Wada ba ta cika ba, akwai wani tsohon akawun reluwe a unguwarmu mai garmaho da faifai biyu na kiɗan fiyano. Baba muke ce masa. Ran Lahadi, in ya dawo daga majami'a ya huta, ni da maƙwabcina tela mukan je zaurensa mu saurara.

Sunayen Turawan da suka tsara kiɗan ba sa faɗuwa a bakina, elementare kaɗai na yi. Da launin takardar faifai nake gane su. Mai baƙar takarda gaggawa gare shi, kamar ruwan sama a kan kwano. Mai jar takarda kuwa a hankali yake tafiya, ya yi kamar zai tsaya, ya sake ɗauka. Shi nake so. Ban taɓa cewa a maimaita shi ba, don na lura allurar garmaho tana cin faifai.

Da Baba zai koma garinsu, ya ce garmahon namu ne, mu riƙa karɓa mako-mako, faifai kuma kowa ɗaya. Ni ya fara tambaya.

"Malam, wanne ya fi kwanta maka?"

A gidanmu an hore mu, yabon kayan mutum a gabansa roƙo ne. Na ce, "Baba, ai baƙin ma yana da daɗi."

Tela ya yi caraf. "To ni jan, Baba! Shi ke sa ni gyangyaɗi a kan keke."

Gyangyaɗi! Baba ya yi dariya ya miƙa masa.

Katanga ɗaya ce tsakanina da tela. A makonsa ina jin kiɗana daga safe har la'asar, ƙarar keken ɗinki a kansa, allurar garmahon kuwa ɗaya ba canji. Nakan tsaya jikin katangar ina tuhumar kaina: hassada ce wannan ko tausayin faifai? Na san amsar. Aro kuwa ban nema ba, ai a gabansa na ce baƙin nake so.

Kafin damina ta fita jan ya koma shuuu kawai. Tela ya leƙo ya ce, "Maƙwabci, nawa ya mutu, ara mini naka mana." Na ɗauko masa. Kamar sabo yake, sau biyu na taɓa sa shi.