Minza da ƙararrawar minti takwas

Minza 'yar ƙanena Maduhu ce. Tana zaune a wurina a unguwar Kirumba tun ranar da ta sauka daga motar garinmu Bariadi da akwatin ƙarfe ɗaya da takardar shiga makarantar likitanci. Ni kifi nake soyawa a bakin kasuwa. Na gama aji huɗu na sakandare, don haka kada wani ya ɗauka ban san abin da ake kira jarrabawa ba. Na rubuta, na ci wasu, wasu sun ci ni.

Yarinyar gajera ce, ga goshi irin na gidanmu, amma in ta buɗe baki sai mutum ya manta abin da ya kawo shi. Tun tana shekarar farko mutanen kasuwa suke ce mata Likita, kowa na nuna mata inda ke yi masa ciwo. Ita kuwa takan ce su yi haƙuri, a yanzu gawa kaɗai aka yarda ta taɓa, wanda ke gaggawa ya san abin da zai yi. Ranar Asabar in tana taya ni gyaran kifi, sai ta feɗe guda, ta ɗaga hantarsa ta duba, ta girgiza kai ta ce da danginsa sun kawo shi da wuri da bai mutu ba. Haka muke wuni. Ban taɓa jin ta ce karatun ya yi mata yawa ba, ko da yake na ga littattafan, ɗaya daga ciki da shi muke danne murfin bokitin ruwa.

Sai kiɗa. Marigayi mijina ya bar kwali cike da kaset na kiɗan rawa irin na da, mai jita da ƙahonni, wanda waƙa ɗaya takan yi ta tafiya kamar jirgin ruwan tsibirin Ukerewe. Sa'o'inta ba sa jin irinsa, na kakanni suke ce masa. Ita ta kwashi kwalin ta kai aka juye mata a waya. Da shi take wanke farar rigarta, da shi take tuƙa ugali, wato tuwon masararmu, da shi take haddace sunayen jijiyoyi. Ranar Lahadi bayan coci, daga ƙarfe huɗu zuwa shida, takan tafi wani zaure kusa da tafki inda wasu tsofaffi bakwai suke haɗuwa su yi kiɗan nan, ta yi musu amshi. Ita kaɗai ce a wurin mai cikakkun haƙora. A bakinta na ji haka.

A ƙarshen shekara ta huɗu ta faɗi jarrabawa, karo na farko a rayuwarta. Ba ta takarda ba, wannan ta cinye ta tas. Akwai wata da ake yi musu a asibiti. Ana jera ɗakuna, kowane ɗaki da majinyaci na gaske da malami riƙe da takarda. Ɗalibi ya shiga, ya yi tambayoyi, ya duba jikin mutum, ya gaya wa malami abin da ya gano, duk a cikin minti takwas. Ƙararrawa na kaɗawa ka fita, ko kana tsakiyar magana.

A ɗaki na biyu ta tarar da wani tsoho mutumin garin Maswa. Mu matan ƙabilar Sukuma ba ma gaida babba a tsaye, don haka ta durƙusa har ƙasa da farar rigarta. Tsohon da ya ji harshensa a bakinta sai ya gyara zama. Ya tambaye ta 'yar wa ce, ta faɗa. Ya tambayi dangin uwarta, ta faɗa. Ashe ya taɓa shayar da shanu a rijiya ɗaya da kakanta. Ladabi ya ce ita ma ta tambayi nasa mutanen, da shanunsa, da yadda ruwa ya yi wa auduga bana. Tana ciro abin sauraren ƙirji daga aljihu ƙararrawa ta kaɗa. A ɗaki na biyar kuma ta haɗu da wata tsohuwa, aka maimaita. Malamin ɗakin ya ce mata ta iya gaisuwa ƙwarai, sai dai babu gurbin gaisuwa a takardarsa.

Da dariya ta ba ni labarin, tana kwaikwayon muryar tsohon. Daga baya na same ta a bakin famfo tana wanke fuska, ta fi minti goma tana wankewa. An ba ta dama ɗaya bayan mako shida. In ta sake faɗuwa, sai ta maimaita shekarar gaba ɗaya.

Kwana uku da haka sai ga ubanta. Maduhu dattijon coci ne yanzu, yana tafiya da Littafi Mai Tsarki a hammata ko kasuwar shanu za shi. Bai tambayi yadda aka yi ba. Ya zauna a kan bencina, ya cinye kifi biyu, sannan ya yanke hukunci: kiɗa ne. Ya ce a goge shi daga wayar, a daina zuwa zauren tsofaffi, in kuma ta sake faɗuwa zai ɗauke ta daga gidana ya kai ta masaukin 'yan mata na coci, inda ake karɓe waya a bakin ƙofa.

"Yaya," ya ce mini, "na ba ki yarinya mai hankali, kin cika mata kai da kiɗan mashaya."

"Kiɗan mashaya?" na ce. "Wa ya yaga wandonsa a gidan rawa a Bariadi shekarar da ya gama firamare? Wa ta ɗinke shi a bayan rumbu kafin Baba ya gani?"

Ya ce wannan tsohon zance ne, an sake haihuwarsa tun daga lokacin. Na ce to, amma uwa ɗaya ce ta haife mu karon farko, ina nan ina kallo. Na gaya masa kiɗa bai kayar da yarinyar nan ba, tarbiyyarsa ce ta kayar da ita. Shi ya koya mata durƙuso da tsumagiya, shi yake sa ta koma ta sake gaisuwa in ta manta tambayar maraƙi. Yanzu ta yi abin da ya koya mata, ya zo yana neman laifi a kwalin mijina da ke kabari. Abin da ya fi ƙona mini rai, ko gardama bai yi ba. Ya kalle ni kamar yadda ake kallon mace mai soya kifi, ya goge baki, ya juya wajen 'yarsa.

Minza ta durƙusa ta ce ta ji. Ta yi alkawarin ba za ta je zauren ba sai bayan jarrabawa. Zancen waya kuwa ba ta ce komai ba, shi ma bai lura ba, don bai san yadda ake goge abu a waya ba.

Makon farko ta gwada da agogo. Ta ajiye shi a kan tebur, ni na zama majinyaciya. Abin bai yi ba. Da ta kalli agogon sai tambayoyin su tsere mata, ta tambaye ni tari sau biyu ta manta zazzaɓi. Ta daina barkwanci a makon nan, gidan ya zama kamar ofishin gwamnati. Ranar Talata ta mako na biyu tana tuƙa ugali, wayar na kan taga tana kiɗa, sai na ga ta tsaya da muciya a hannu. Ta ɗauko wayar ta nuna mini: waƙar da ta fi so, minti takwas ce da 'yan daƙiƙu. Ta ce wannan ba sai ta duba agogo ba, a jikinta take. Ta san inda ƙahonni ke buɗewa, inda mawaƙi ke jan baitoci a hankali, inda jita ke juyawa, da inda ganga ke ɗaukar zafi har a sauka. Ta raba aikin a kan haka: ƙahonni gaisuwa, baitoci tambayoyi, jita na juyawa hannu ya hau jikin majinyaci, ganga na ɗaukar zafi ta juya wajen malami. Ugalin ranar ya kama, muka ci haka nan.

Sauran wuyar ita ce tsofaffi. Ƙahonnin nan ba su kai rabin minti ba, gaisuwarmu kuwa a rabin minti ko matan gida ba a gama tambaya ba. Sai muka ɗauko Baba Lugembe, wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa da ke cin kifi a wurina kullum da rana, wanda duk Kirumba babu mai tsawon zance kamarsa. Muka kwantar da shi a benci bayan rumfata, muka ce aikinsa shi ne ya hana ta aiki. Bai taɓa samun aikin da ya dace da shi kamar wannan ba. Tana durƙusawa zai fara da kakan kakanta. Kwana huɗu yana cin ta, jita na juyawa suna kan shanu, mata masu tumatir suna tsaye suna dariya.

"Likitan gobe," yake ce mata, "da ciwon gaske ne da tuni ana rabon kayana."

"Baba, wane kaya? Hular ko bakin?"

A rana ta biyar ta zo da dabara. Ta durƙusa, ta kama hannunsa da hannu biyu kamar yadda ake gaida babba, yatsunta a kan jijiyar wuyan hannu tana ƙirga bugun jini. Ya buɗe baki zai fara, ta riga shi.

"Baba, gaisuwarka ta fi ƙarfin ɗakin nan. Bari in ji jikinka tukuna, in na gama zan kawo maka ita har gado, da shanu da komai. Yanzu ina ne ke ciwo?"

Tsohon ya nuna mata cikinsa. Ya ce an katse shi, amma ya rasa inda zai yi fushi. Daga ranar ta riƙa yi a kan duk wanda ya zauna a bencin, masu babur, masu gawayi, har wani ɗan sanda da ta gano masa hawan jini ta tura shi asibiti. Mako uku da kiɗa, sauran babu, yana tafiya a kanta. Ni kaɗai nake ganin babban yatsan ƙafarta na motsi a cikin takalmi.

Zan faɗi gaskiya, abin bai yi mini daɗi duka ba. Har yau ban ga dalilin da zai sa a koya wa yarinya katse babba ba. Wanda ya ƙirƙiro ƙararrawar nan bai taɓa zama da tsoho ba. Na gaya mata haka, ta ce a ɗakin gaggawa wani lokaci ko minti takwas ɗin ba a samu, kuma gara ta koya a kan Baba Lugembe da ta koya a kan mai zubar jini. Na koma kan kaskona. Ba don na yarda ba.

Ranar jarrabawa ya kamata ta dawo da azahar. Ƙarfe biyu shiru, uku shiru, wayarta a kashe. Na ƙona kasko guda na kifi, na zagi mai gawayi ba laifinsa. Sai kusan biyar ta iso, ta zauna ta cire takalmi ta ce a ba ta abinci. Na tambayi inda ta tsaya, ta ce wajen gaisuwa. Tsofaffi huɗu ta samu a ɗakunan, kowanne ta yi masa alkawari, da aka tashi ta bi su gado-gado ta cika. Ɗaya daga ciki, suna tsakiyar zancen awaki, ya gaya mata akwai wani jiƙo da ɗansa ke kawo masa a goran ruwa, wanda ya ɓoye wa likitoci kwana goma sha ɗaya. Ta je ta sanar da likitan ɗakin. Na ce mata kin ji, ga abin da ƙararrawa ba ta samowa. Ta ce, "Gwaggo, ki bari in ci abinci."

Bayan mako biyu sakamako ya fito, ta ci. Ba da yawa ba, amma ta ci. Ranar Lahadin nan tsofaffin zaure suka yi mata waƙar sau biyu a jere, na bi ta na gani da idona, har na taka kaɗan, ƙugu bai manta ba. Tana shekarar ƙarshe yanzu, tana nan a ɗakinta a gidana. Ta ce ɓangaren tsofaffi za ta nema in ta gama, wai su ne kaɗai majinyatan da ke ba da labari kafin a tambaye su.

Da ta buga wa ubanta waya ta faɗa masa, ina zaune kusa ina ji. Ya yi godiya ga Allah, sannan ya ce ta gani ko, daga barin kiɗan nan kai ya buɗe. Ta ce haka ne, Baba. Na miƙa hannu zan fizge wayar, ta riƙe mini hannu tana murmushi har ya gama. Yanzu ina jin labari yana bin iyaye a Bariadi yana ba su shawara su raba 'ya'yansu da kiɗa, yana kafa misali da 'yarsa. Duk wanda ya zo daga can sai ya kawo mini wannan zance, ni kuma in ce sai na buga masa waya na gaya masa gaskiya.

Minza ta ce in bar shi, bai cuci kowa ba sai yaran Bariadi, su ma za su samo tasu dabarar. Ta sa na yi mata alkawarin ba zan ce masa komai ba sai ta karɓi takardarta a hannu. Na yi alkawarin, kuma ni ba na saɓawa. Saura wata tara.